Cire gashin haɓa da na baki da allurar lantarki: jagora ga macen da ta gaji da hantsaki

Akwai matan da ba sa fita unguwa sai sun tsaya a bakin taga da ƙaramin madubi da hantsaki. Hasken ƙwan lantarki ba ya nuna gashin sosai, sai na rana. Yatsa ya bi haɓa yana lalube, ya ji tsini, a kama, a fizge. Wata minti biyar ya ishe ta, wata sai ta ci rabin awa, kuma jibi aikin yana nan yana jiranta. Bayan shekara uku ko huɗu ana haka, gashin bai ragu ba, ga haɓar ta yi baƙi, ta yi ƙuraje, hoda ma ta daina rufewa. Na san wadda ta ji daɗin zuwan takunkumi a lokacin korona, kuma ba tsoron cutar ne ya sa ba.

Reza, hantsaki, zare, halawa da man cire gashi duk aikin kwanaki ne ko na makonni. Hanyar da ke kashe gashin har abada ita ce wadda ake kira ilektirolisis, wato a zura wata siririyar allura cikin ramin da gashin ya fito, a saki lantarki kaɗan, saiwar ta mutu. Ramin da aka kashe yadda ya kamata ba ya sake fitar da gashi. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, wannan hanyar ce ta yarda a kira ta cire gashi na dindindin. Leza kuwa, wato na'urar da ke ƙona gashi da haske, abin da hukumar ta amince a ce game da ita shi ne tana rage gashi.

Ba kuma sabuwar fasaha ba ce. Wani likitan ido a birnin St. Louis na Amurka, Charles Michel, shi ya fara bayyana ta a 1875, kuma ba don kwalliya ba. Masu gashin ido da ya juya ciki yana gogar ƙwayar ido yake wa magani, irin abin da amodari ke jawowa idan ya tsananta. Daga baya ne aka ga cewa abin da ya kashe saiwar gashin ido zai kashe ta haɓa.

Sai dai gara in faɗa tun yanzu: aikin yana cin lokaci, yana da zafi, yana cin kuɗi, kuma a baƙar fata hannun mai aikin shi ke raba tsakanin haɓa mai santsi da haɓa mai tabo. Don haka matakan da ke gaban allurar sun fi allurar muhimmanci.

Mataki na farko: gano abin da ke fitar da gashin

Nan ne mafi yawan mata ke tsallakewa, kuma nan ne kuɗinsu ke salwanta. Allura tana kashe gashin da ya riga ya fito. Ba ta hana jiki mayar da sabon lallausan gashi ya koma mai kauri. In akwai abin da ke hura wutar daga ciki, to, ana kashewa wani na tsirowa, kamar mai kwasar ruwa a ɗakin da rufinsa ke yoyo.

Kowace mace tana da ɗan sinadarin homon irin na maza a jikinta. Idan ya yi yawa, ko kuma fatarta ta fiye jin sa, sai gashi mai kauri ya fito a inda yake fito wa maza: leɓen sama, haɓa, saje, tsakiyar ƙirji, ƙasan cibiya. Babban abin da ke jawo wannan shi ne lalurar homon da ta shafi ƙwan mace da likitoci ke kira PCOS, wadda ke samun kusan mace ɗaya cikin goma a shekarun haihuwa, kuma da yawansu ba su san suna da ita ba. Alamominta sun haɗa da al'adar da ke wasa, ta yi wata biyu ko uku ba ta zo ba, ƙurajen fuska da suka ƙi jin magani, ƙiba ta ciki, baƙin wuya mai kama da dauɗa da ba ya fita da soso, da jinkirin samun ciki. Wata kuma gado ne kawai, uwarta da innarta duk haka suke, jininta lafiya lau. Wata sai ta daina al'ada 'yan gashi masu tauri za su ɓullo mata a haɓa.

Akwai kuma abin da mu muke jawo wa kanmu. Sau da yawa man bilicin da ake haɗawa a kasuwa yana ɗauke da sinadarin sitiroyid, irin su clobetasol, kuma ɗaya daga cikin aikinsa shi ne fitar da gashi a kumatu da gefen fuska, tare da sirantar da fata har jijiyoyi su bayyana. Haka ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda galibi akwai dexamethasone a ciki. In kina amfani da ɗayansu, ki faɗa wa likita gaskiya, ba zai kai ki ƙara ba. Ƙwayar dexamethasone kuwa, in an daɗe ana sha, ba a yanke ta rana ɗaya, likita ne ke rage ta sannu a hankali. Fatar da bilicin ya cinye ba ta warkewa da wuri, ba ta kuma dace da allura ba sai ta murmure.

Ki je wurin likitan mata ko na fata. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, na Shika a Zariya, na Sakkwato da na Maiduguri duk suna da waɗannan sassan. Likita zai duba wurare tara a jiki, ya ba kowanne maki daga 0 zuwa 4, jimillar da ta kai 8 ita aka saba ɗauka a matsayin gashin da ya wuce ƙima. Zai iya tura ki gwajin jini da sikanin. In PCOS ce, akan ba da ƙwayar tsarin iyali, wani lokaci a haɗa da spironolactone, wanda ba a shan sa da ciki ko lokacin neman ciki. Magungunan nan sai sun yi kamar wata shida ake ganin tasirinsu, kuma ba sa zubar da gashin da ya riga ya yi kauri, sabo suke tarewa. Shi ya sa ake haɗa su da allura, kowanne da aikinsa.

Abu ɗaya da ba ya jira: in gashin ya taso gaba ɗaya cikin 'yan watanni, murya ta fara kauri, gashin goshi yana zubewa irin na maza, wannan ba zancen gyaran jiki ba ne. Ki ga likita a makon nan, don wani lokaci ƙari ne a ƙwan mace ko a saman ƙoda.

Mataki na biyu: allura ko leza?

Leza haske ce da ke bin baƙin launi. Tana samun baƙin gashi ta ƙona shi, amma fatarmu ma baƙa ce, don haka na'urar da ba ta dace ba takan ƙona fatar tare da gashin. Wadda aka fi aminta da ita a baƙar fata ita ce Nd:YAG, mai lamba 1064. Na'urar da ake kira IPL, wadda ta cika shagunan kwalliya da tallace-tallacen Instagram, ba ta dace da fata mai duhu ba. Leza ba ta ganin furfura, ba ta ganin siririn gashi, kuma a wasu matan, musamman a fuska, takan tayar da gashin da yake kwance maimakon ta rage shi.

Allura ba ruwanta da launi. Baƙi, fari, ja, duk ɗaya ne a wurinta, domin ita rami take bi. Raunin ta shi ne gashi ɗaya-ɗaya take ɗauka. Don haka a ganina: haɓa, leɓen sama, saje, wuya, kewayen kan nono da layin cibiya, aikin allura ne. Ƙafafu, cinyoyi da baya kuwa, sai mai tarin haƙuri da tarin kuɗi. Nan gara leza mai kyau, ko a ci gaba da halawa kamar yadda iyayenmu na Barno suka saba. Wasu kan fara da leza ta rage yawan, sannan allura ta ƙarasa ragowar.

Ta fuskar addini, malamai sun bambanta tsakanin gira da gemu. Cire gashin gira shi ne hadisi ya yi hani a kai. Mace da gemu ko gashin baki ya fito mata kuwa, Imam Nawawi ya ce cire shi ba haramun ba ne, abin so ne ma. In wurin da kike son a yi wa aiki yana cikin al'aura, ki tambayi malamin da kika yarda da shi kafin ki kama hanya.

Mataki na uku: neman mai hannu

Masu wannan sana'a sun fi masu leza ƙaranci nesa ba kusa ba, kuma a manyan birane aka fi samun su. Likitan fata shi ne ya fi dacewa ki tambaya wa ya sani. Kada ki yarda da hoton kafin da bayan da aka ɗauka ranar da aka gama aiki, don hantsaki ma yana ba da wannan hoton. Wanda zai gaya miki gaskiya shi ne hoton bayan shekara, a fata irin taki.

Kafin ki je, ki san cewa hanyoyin uku ne, don ki gane abin da ake faɗa miki.

Ta farko ita ce ta asali, galbanik. Lantarkin yana haɗuwa da ruwa da gishirin da ke cikin ramin gashin, ya haifar da ɗigon kostik soda, ita dai wadda masu haɗa sabulu suka sani, amma ɗan mitsitsi. Sodar ce ke cinye saiwar. Tana da tabbas, amma tana da nawa, gashi ɗaya kan iya cin minti guda. Ta biyu ita ce ta zafi, tamolisis, wadda wani likita a birnin Lyon na Faransa, Henri Bordier, ya fito da ita a shekarun 1920. Wannan dumama saiwar take yi har ta dahu, cikin daƙiƙa ɗaya ko ƙasa da haka. Tana da sauri, amma sai allurar ta sauka daidai kan saiwar, in ta kauce aikin ya tashi a banza. Ta uku gauraye ce, ta haɗa biyun, Arthur Hinkel da Henri St. Pierre suka tsara ta a Amurka a shekarun 1940. Zafin yana sa sodar ta fi ci, ta kuma fi yaɗuwa.

Ga inda abin ya shafe mu. Gashinmu murɗaɗɗe ne, kuma murɗewar ba a waje kawai take ba, ramin da kansa a lanƙwashe yake a ƙarƙashin fata. Allura miƙaƙƙiya ce. Wadda ta koyi aiki a kan miƙaƙƙen gashi kawai za ta riƙa huda gefen ramin tana ƙona fatar da ba ta yi laifin komai ba. Shi ya sa ƙwararru da yawa suka fi son gauraye a irin gashinmu, saboda soda ruwa ce, tana gangarawa ta bi lanƙwasar da allura ba ta kai ba. Ba wai ta zafi ba ta aiki ba ne, a hannun gwana tana yi. Amma in kika tambaya wace hanya ake amfani da ita aka tsaya ana kame-kame, ki ɗauki jakarki.

Sauran tambayoyin: a ina ta koya, shekara nawa tana yi, ta taɓa yi wa baƙar fata, kuma allurar sabuwa ce kowane zama? Wannan na ƙarshe ba abin wasa ba ne. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manya a Najeriya suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, kuma ta irin wannan hanyar yake yaɗuwa. A gabanki za a yage ledar allurar, a gabanki za a jefa ta cikin mazubin allurai. Hantsakin da za ta ɗauke gashin da shi ma sai an dafa shi a na'urar kashe ƙwayoyin cuta, goge shi da sifirit bai isa ba. Ta sa safar hannu, ta kuma yi aiki da gilashin ƙara girma da fitila mai haske. Ki leƙa ko suna da inbata ko janareto, kada a ɗauke wuta a bar ki da rabin haɓa.

Ita ma mai aikin ya kamata ta yi miki tambayoyi, in ba ta yi ba, to alamar matsala ce. Mai na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji ba ta yin wannan aiki sai da izinin likitan zuciya. Mai ciki ta bari sai ta haihu. Mai ciwon suga da bai daidaita ba, mai shan maganin tsinka jini, mai shan isotretinoin don ƙuraje ko wadda ba ta daɗe da dainawa ba, duk sai likita ya amince. Ba a cire gashin da ke kan tawadar Allah sai likita ya duba ta, ba a kuma shiga cikin hanci ko kunne. In kuma kina cikin masu tabon da ke tasowa ya yi tudu, irin wanda ke fitowa a kunne bayan huji ko a ƙirji bayan ƙurji, wato kiloyid, ki faɗa tun farko, domin wataƙila aikin bai dace da ke ba gaba ɗaya.

Ko da komai ya yi daidai, ki nemi gwaji tukuna: minti goma a ƙarƙashin haɓa, inda ido ba ya kaiwa. Ki koma gida ki ba shi mako biyu ki ga yadda fatar ta warke.

Mataki na huɗu: ajiye hantsaki

Wannan ya fi zafin allurar wuya ga mata da yawa. Daga ranar da kika yanke shawara, ba tsiga, ba zare, ba halawa a wurin da za a yi wa aiki, har a gama. Dalili: gashin da kika tsige ya bar rami ba kowa, mai aiki ba za ta gan shi ba, sai bayan makonni ya dawo. Kin ga kin ɓoye mata shi ke nan, kin tsawaita wa kanki aiki. In kin daɗe kina tsiga, ki ba wurin aƙalla mako uku ko huɗu kafin zaman farko, kuma ki shirya ganin gashin da ya fi wanda kika zata yawa. Ba ƙaruwa ya yi ba. Dama yana nan, ke ce ba ki taɓa barin sa ya fito a tare ba.

Abin da aka yarda ki yi shi ne aski da reza ko datsewa da ƙaramin almakashi. Na san abin da za ki ce, wai reza tana sa gashi ya yi kauri. Ba ta yi. Gashi kamar tsinke yake, bakinsa siriri, gindinsa da kauri. Reza ta yanke shi a tsakiya, sai abin da ya fito ya zama mai faɗin baki, yatsa ya ji kaushi. Saiwar da ke ƙasa ba ta san an yi ba. Ki aske kwana biyu ko uku kafin zama, ki bar shi ya ɗan fito yadda za a iya kama shi. Wannan yana da wata fa'ida ma: gashin da ya tsiro cikin kwanakin nan shi ne mai rai da ke kan girma, shi ne kuma ya fi saurin mutuwa.

Kada ki fara ana saura mako biyu biki. Amaren da ke zuwa neman a gama musu kafin kamu sun makara da shekara guda.

Mataki na biyar: ranar zama

Ki je da fuska a wanke, ba hoda ba mai. Ki sha ruwa sosai tun jiya, musamman da hunturu, don busasshiyar fata ba ta karɓar aikin da kyau. In za ki iya, ki kauce wa kwanakin da al'ada ke gab da zuwa, jiki ya fi jin zafi a lokacin. Mai tsoron zafi za ta iya shan parasitamol, ko ta shafa man kashe zafi irin EMLA awa ɗaya kafin zama, ta rufe shi da 'yar leda. A ɗan wuri ake shafa shi, ba a lafta wa rabin jiki.

Za ki kwanta, a goge wurin, ta ja fatar da yatsu biyu. In galbanik ce ko gauraye, za a ba ki wani ɗan ƙarfe ki riƙe a hannu don lantarkin ya zagaya. Allurar ba ta fi gashin kauri ba, kuma ba huda fata take ba, ramin da yake a buɗe take bi ta gefen gashin. Saboda haka shigarta bai kamata ki ji ba. Abin da za ki ji shi ne lokacin da aka saki wutar: ɗan zafi kamar cizon cinnaka, ko ɗigon mai ya fallatso daga kasko, ya zo ya wuce. Haɓa da sauƙi. Tsakiyar leɓen sama, daidai ƙarƙashin hanci, nan ne hawaye ke zubowa da kansu, wata har da atishawa. Ba kunya a ce a dakata a huta.

Ga ma'aunin da za ki gane ko ana yi miki aiki ko ana cin kuɗinki. Bayan an saki wutar, za ta kama gashin da hantsaki ta zare shi. In saiwar ta mutu, gashin zai zamo ya fito salin-alin, kamar an zare zare daga man shanu, ba za ki ji komai ba. Ki ce ta nuna miki ɗaya a kan auduga: za ki ga ɗan farin kube mai sheƙi a gindinsa da ɗan baƙin kai. In kuwa kina jin fizga irin ta hantsakinki na gida, gashi bayan gashi, to tsiga ake yi miki da tsada, kuma duk za su dawo. Ɗaya ko biyu su yi gardama ba komai, amma in ya zama kowanne, ki yi magana. A ɗaya ɓangaren, in kina jin huda kowace shiga, ko jini na ɗigowa, ko kina jin ƙarar ƙuna, fatar tana yin fari a bakin ramin, wutar ta yi yawa ko allurar ba ta shiga daidai ba. Wannan shi ke barin ƙananan ramuka a fata, kuma su ba sa tafiya.

Zama kan ɗauki minti 15 zuwa awa ɗaya. A leɓen sama gara gajeren zama, a riƙa tsallake gashi ana barin tazara, kada a tara zafi wuri ɗaya.

Mataki na shida: kwanakin bayan zama

Wurin zai yi ja ko ya ƙara duhu, ya ɗan kumbura kamar cizon sauro. Yawanci yana sauka cikin awanni, leɓe kan kai washegari. Ki naɗe ƙanƙara a tsumma mai tsabta ki ɗora. Alwala ba matsala, sai dai a shafa ruwan a hankali, a dangwale da tawul mai tsabta. Kwana ɗaya zuwa biyu ba hoda, ba turare a wurin, ba tsayuwa kan tururin tukunya, ba hannu. Dilka, kurkum, lemon tsami da duk wani abin gurza fata su jira mako guda.

Bayan kwana biyu ko uku wataƙila ki ga ƙananan ɓawo kamar kan allura. Ki bar su su faɗi da kansu. Hannun da ya saba da lalube zai riƙa kaiwa can ba da saninki ba, kuma duk ɓawon da kika ɓamɓare kin sayi baƙin tabo na watanni. Baƙar fata haka take, duk inda ta ji rauni sai ta tara launi, rana kuma tana ƙara masa duhu. Don haka man kariya daga rana mai lamba 30 ko sama ya zama abokin fitarki kullum, ko da kina sa niƙabi. Tabon duhu irin wannan yana gushewa a hankali, kada ya tura ki ga man bilicin. In wurin ya fara ruwa, ya yi mugunya, zafin yana ƙaruwa maimakon raguwa, ko zazzaɓi ya biyo, a tafi asibiti.

Mataki na bakwai: doguwar tafiya

Bayan mako biyu za ki duba madubi ki ga gashi, ranki ya ɓaci, ki ce an cuce ki. Mafi yawansu ba waɗanda aka cire ba ne. Gashi ba ya fitowa a tare. Kowane rami yana da lokacinsa: ya yi girma, ya tsaya, ya zube, ya yi barci, ya sake farkawa. Abin da kike gani yau kashi ne kawai na abin da ke ƙarƙashin fata, saura suna layi. Ga kuma wasu da aka raunata ba su mutu ba, su kan dawo da siranta, a ƙarasa su a zagaye na biyu. Wannan ne ya sa fuska kan ɗauki shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, mai PCOS ko wadda ta shekara goma tana tsiga har ta fi haka.

A farko ana zama kowane mako ko bayan mako biyu, burin shi ne a share wurin tas, sannan a riƙa tarar sababbi da zarar sun leƙo, tun saiwarsu ba ta yi nisa ba. Wadda ke zuwa yau ta ɓace wata uku tana biyan kuɗin aikin da ba ya ci gaba. Da lokaci ake caji, ba da yawan gashi ba, kuma watanni uku ko huɗu na farko su suka fi cin kuɗi. Ki yi lissafinsu tun kafin ki fara, har da kuɗin mota in daga wani gari za ki riƙa zuwa. In aljihu bai kai ba, ki zaɓi wuri ɗaya, haɓa misali, ki gama da shi, ya fi a taɓa ko'ina a bar shi rabi.

Kada ƙarancin kuɗi ya kai ki ga na'urorin gida da ake tallatawa a intanet. Mai kama da hantsaki da ake cewa tana tura lantarki ta jikin gashin ba ta kashe komai, gashi ba wayar lantarki ba ne. Mai allura kuwa, mace ba za ta iya zura allura daidai a ramin haɓarta tana kallon madubi ba, tabo za ta yi wa kanta.

Ki riƙa ɗaukar hoto farkon kowane wata, a bakin taga ɗaya, bayan kwana uku ba aski. Ido yana mantawa, hoto ba ya yi. In an kai wata shida ana zama a kan kari, ba kya tsiga, amma hoton bai canza ba, ɗayan biyu ne: ko hannun mai aikin, ko homon. Ki koma wurin likita, ki kuma gwada wata mai aikin ko da zama ɗaya ne don ki kwatanta.

In abin yana tafiya daidai, za ki ga zaman awa ɗaya ya koma rabin awa, ya koma minti goma. Tazarar ta tashi daga mako zuwa wata, daga wata zuwa wata biyu, har ranar da za ki kwanta ta yi ta nema da gilashi ta samo guda shida ko bakwai. Bayan an sallame ki, haihuwa ko ɗaukewar al'ada na iya tayar da wasu 'yan ramuka da ba a taɓa taɓawa ba. Waɗannan ba tsofaffin ba ne suka dawo, kuma zaman minti 15 sau ɗaya ko biyu a shekara yana isar su, muddin ba ki riga mai allurar kai musu hantsaki ba.